Kafin a jibge mana tabilet, a leƙo ajin tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari ya haƙuri da mu. Ni mushen lakwal ne nan Maradi, bana shekarata 17 da riƙon alli, na yi ƙauye can cikin Dakoro na yi wajen Mayahi kafin a maido ni gari, yanzu ajin CM1, wato aji biyar na firamare, ke hannuna. Abin da ya sa na zauna da daren nan ina ta danne-danne, maganar nan ce da ta cika rediyo da Facebook ta a shigar da na'urorin zamani cikin makarantu, kowa na tofa albarkacin bakinsa daga masu kwat a Yamai har samarin fada masu shayi, amma mu da ke shaƙar ƙurar alli kullum ba a cika tambayarmu ba. To ga nawa. In ya yi tsawo ka yi haƙuri, malami dama ba a san shi da gajarta zance ba.

Tun kafin wani ya ce ga tsohon mushe nan zai yi wa zamani hassada, bari in faɗa, ni ban ƙi na'ura ba ko kaɗan. Wayar nan ta hannuna, wata Tecno mai tsagaggen gilashi da na saya a hannun wani, ta yi mini amfani a aji fiye da tarurrukan horo da yawa da na zauna. Abin da na ƙi shi ne yadda ake kawo abin, a sauke kwalaye a ɗau hoto a tafi a bar mu da jangwam.

Lokacin ina ƙauye wani furoje ya zaɓi lakwal ɗinmu cikin waɗanda za a ba tabilet. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanen ba da mugun nufi sunka zo ba. Ranar kawo kayan maigari ya sa anka yi shara, mata sunka yi guɗa, farar mota biyu sunka tsaya gindin dogon yaro anka sauke tabilet 30 da faifan sola guda da batir da wani akwati mai ramukan caji. Kafin nan an kira mu Maradi horon kwana 2, rabin lokacin ya tafi a jawabin buɗe taro da layin karɓar kuɗin zama. Darekta ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi kaya, kuma in ka tambaye ni wanga sa hannu shi ya kashe abin tun ranar, sai dai ba mu gane ba sai daga baya.

Satin farko kam gwanin sha'awa. Yaran da sai an bi su gona an koro su sunka riƙa zuwa tun ba a buga ƙarfe ba, har waɗanda ba a rubuta sunansu ba suna leƙe ta taga. Amma ni kaɗai yara 74 gare ni, tabilet ɗin kuma na lakwal duka ne, aji 4 ke karɓa-karɓa. In ka miƙa guda ga yara 3 ko 4 mai ƙarfi shi ke riƙewa, kuma ka san dai ba yarinya ba ce. Sannan abin da ke ciki Faransanci ne zalla, muryar wata mata mai magana ta hanci da sauri, misalanta su tuffa da jirgin ƙasa da ƙanƙarar da ke zuba kamar auduga, ga yaron da ko Maradi bai taɓa zuwa ba. Wani ɗan ƙaramin yaro ya ɗago ya ce, mushe mi take cewa? Na ce saurara da kyau. Ya sake kara kunne, can ya ce, mushe ita ba ta jin Hausa ne? Na yi dariya a lokacin, amma tambayar na nan zaune a raina har yau.

Hunturu ya shigo da ƙurarsa ramukan caji sunka fara toshewa, bazara ta biyo baya da zafin nan na Afrilu mai haura 40 ga aji mai rufin kwano, batir ɗin wasu ya kumbura har murfin baya ya ɗage. Ranar da guda ta suɓuce daga hannun wata yarinya gilashi ya tsage, darekta bai yi barci ba, don ba wanda ya gaya masa wa zai biya, ba lambar mai gyara, ba ko dala da anka ware don gyara, kuma sunansa ne a takarda. Washegari ya tattara su ya kulle a kabad ya jefa makulli aljihu. Ban ga laifinsa ba, da ni ne ma haka zan yi, mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai yarda ya biya bashin abin da bai ci ba. Daga nan sai in an ce baƙi na tafe, a fiddo a goge a caza a raba ma yara masu tsabtar riga a ɗau hoto a maida. Abin da ya yi aiki cikin kayan duka faifan solar nan ne, kwamitin iyaye ya maida shi wurin cajin waya dala 10 kowace, da kuɗin munka riƙa sayen alli da kaye. Ka ji yadda fasahar zamani ta taimaki ilimi a garin, ta bayan fage.

Kuma fa ba yau farau ba. Matasanmu da yawa ba su san Nijar na cikin ƙasashen farko a Afirka da sunka gwada koyarwa ta talabijin ba, tun 1964 zamanin Diori Hamani, da taimakon Faransa. Ana shirya darasi a Yamai a watsa, yara na kallo a aji, mai kula da su ba sai wanda ya yi dogon karatu ba. An yaba yadda yaran ke sakin baki da Faransanci, amma a shekarun farko aji 20 da 'yan kai ne kawai a kewayen Yamai, abin bai taɓa game ƙasa ba, ƙarshe gidan ya rikiɗe ya zama talabijin ɗin ƙasa wajen 1979. Can nesa ma labarin ɗaya ne. Ƙasar Peru ta raba ma yara ƙananan kwamfutoci sama da 800,000, da anka auna a binciken da ya fito 2012 sai anka ga yaran sun iya latsa kwamfuta kam, amma karatu da lissafi ba su motsa ba. Kenya a 2013 Uhuru Kenyatta ya yi alkawarin kwamfuta ga kowane ɗan aji ɗaya, a 2016 anka fara rabon tabilet, kafin shekara 3 gwamnati ta koma maganar gina ɗakin kwamfuta guda a kowace makaranta. Waɗannan fa sun fi mu wuta sun fi mu hanya sun fi mu kuɗi.

Mu kuma bari mu dubi ajin da za a sa na'urar a ciki. Ba na son fama mikin da bai warke ba, amma duk ɗan Maradi na tune da ranar 8 ga Nuwamba 2021, ranar da wuta ta kama ajujuwan zana nan cikin gari yara 25 ko fiye sunka rasu, ƙanana 'yan shekara 5 zuwa 6, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu dangana. Wata 7 kafin nan, cikin Afrilu, irin haka ta faru a Yamai yara 20 sunka tafi. Hukuma da bakinta ta ce ajujuwan zana sun kai 36,000 a ƙasar nan. Wanda bai koyar a rumfar zana ba bai san cewa ba ta tashi sai an yi girbi an samu kara, kuma ruwan farko ke sallamar yara ba darekta ba, shekarar karatu ta wata 9 sai ta koma 6 ko 7. A ina za a kafa sola a rumfa, a ina za a kulle kwamfuta da dare, akuya ma shiga take ta ci allon kwali. A 2024 da ambaliya ta yi mana ɓarna sai da anka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba don mutane na kwance cikin ajujuwan. Wuta kuwa, kamar mutum 1 cikin 5 ne ke da ita a Nijar, a ƙauye abin bai ma kai haka ba. Mu nan gari da layinmu ke fitowa ta Katsina mun ga yadda ta kasance daga Agusta 2023 da Najeriya ta yanke har zuwa Maris 2024, wayar da za ka kira gida ma sai ka yi mata dabara balle ɗakin kwamfuta.

To mushe sai a zauna a naɗe hannu har sai an gina aji 36,000? A'a. Akwai na'urar da ta riga ta shiga kusan kowace lakwal ba tare da furoje ko guɗa ba, tana cikin aljihun malami, shi ya saya shi ke cazawa shi ke gyarawa in ta lalace, ba ya kulle ta a kabad don tasa ce. Ni a ganina daga nan ya kamata a fara.

Muna da wani gurup na WhatsApp na malaman yankinmu, rabin abin da ake turowa gaisuwar juma'a ce da tambayar ko albashi ya sauka, wannan kam ba musu. Amma wani dare wata madam sabuwar ɗauka, 'yar kwantiragi da anka jefa wani ƙauye ita kaɗai da aji biyu, ta turo murya tana cewa don Allah gobe za ta koyar da rabi da kwata da sulusi kuma ita kanta abin bai zauna mata ba tun tana ɗaliba. Ka san irin wagga magana mutum ba zai iya faɗinta gaban insifekta ba. Wani dattijo cikinmu da ya yi ritaya ya amsa mata da murya ta minti 4 da Hausa, ya ce ɗiyata ki samu sandar rake guda ki shiga da ita aji, ki kira yara biyu ki ce su raba daidai kar a cuci kowa, sannan huɗu, sannan uku, ki bar su su yi gardama kan wanda nasa ya fi tsawo, kar ki rubuta komi a tablo sai sun gama faɗan, daga nan ki ba kowane yanki sunansa. Washegari da yamma ta turo hoton allunan yaran. Wallahi ni da na shekara 17 a aikin na sace dabarar, bana da rake na koyar. Taron CAPED, zaman ƙara ma juna sani na malaman yanki, da ya kamata ya riƙa haɗa malamai irin haka sai a daɗe ba a yi ba saboda kuɗin mota da na abinci, gurup kuwa kullum a buɗe yake, illa forfe ɗin daga aljihunmu yake fita, kuma ita madam ɗin sai ta hau wani tudu bayan gari kafin rezo ya kama.

Don kar a ce labarin fada nake, akwai bincike da anka yi nan gida. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta sun gwada a ƙauyuka sama da 100 na Doso da Damagaram a 2009 da 2010, cikin ajin yaƙi da jahilci na manya, wasu anka haɗa musu da koyon amfani da ƙaramar waya mai maɓalli wasu kuma a'a. Waɗanda sunka koyi waya sun fi iya rubutu da lissafi, don sun samu abin da za su riƙa gwada karatun a kai bayan an tashi. Daga baya sunka sake wani a jiharmu ta Maradi da Damagaram, shi kuma ba komi ba ne illa kiran waya duk sati, a kira malami a kira maigari a kira ɗalibai biyu a tambaya ya karatu, an yi aji wanga sati? Ba kyauta ba tara, kira kawai, amma sakamakon ɗaliban ya ƙaru. Ni ban yi mamaki ba. Na yi shekara guda cur a daji ba wanda ya taɓa tambayata ko ina raye, in mutum ya san ranar laraba za a kira shi to zai shirya.

Kuma mu tuna inda ciwon yake. Gwajin PASEC na 2019, wanda ke auna karatun 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ya nuna cikin yara 10 da ke gama firamare a Nijar kamar 3 ne ke karatu yadda ya kamata. Ni ba sai an gaya mini ba, a CM1 ina da waɗanda har yanzu ke bin baƙi ɗaya ɗaya da yatsa. Duk na'urar da ba ta taɓa wanga ciwo ba ado ce.

Abu na biyu da na gani da idona, wani abokin aikina ya je Kano ya sayo ɗan ƙaramin majigi, girmansa bai fi sandar sabulu biyu ba, yana aiki da batir ɗin nan na cajin waya. Muna aronsa. Sai mu rufe tagogin ƙarfe mu rataya farin zane a tablo, a haɗa da waya. Ranar da na koyar da tsirowar iri na nuna musu wani ɗan bidiyo na minti 2 da anka ɗauki ƙwayar wake a cikin gilashi ana gaggauta kwanakin, na kashe muryar don Turanci ce, ni ke bayani ina tsayarwa ina tambaya. Ajin da ba ya shiru sai da bulala ya yi tsit har kana jin ƙuda. Na tsayar daidai inda ɓawon ya fashe na ce mi zai fara fitowa, ganye ko saiwa? 'Yan gari sunka ce ganye, wani yaro da ke zaune can baya wanda bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara, ɗan wajen Jiratawa da ke zaune gidan kawunsa, ya ce saiwa ce mushe, na sha tonawa. Na saki bidiyo sai ga saiwa ta leƙo ta yi ƙasa, aji ya ɗauki tafi, yaron nan ranar ko tafiyarsa ta canja. Na'ura guda, yara kusan 80, kowa na gani, ba mai ƙwace ma wani, kuma linzamin na hannun malami. Kuɗin tabilet 30 zai sayi irin wanga majigi da ƙaramar sola ga lakwal nawa? Bidiyon ma ba sai da intanet a aji ba, mutum guda ya sauke sauran mu karɓa ta Xender.

Iyaye kuma, uwar da ba ta iya karanta takardar da muke ba yaro ya kai gida ba tana jin saƙon murya sarai. Tun da na fara tura ma wasu iyaye murya, gajeruwa, ina cewa Hajiya yau ɗiyarki ba ta zo ba ko lafiya, ko kuma yau ta yi ƙoƙari a dikte a yaba mata, fashin 'yan matan da ake ɗora ma talla da safe ya ragu a ajina. Wata har ta kira ni ta ce ashe kuna lura da su ɗaya ɗaya. A kasuwa kuma ga yara nan masu kwamfuta suna loda ma mutane wa'azi da waƙoƙi a memori, ƙauye da birni kowa ya san hanyar, mi zai hana a samu darussan karatun baƙi da lissafi da Hausa a riƙa lodawa haka nan? Lokacin korona da anka rufe makarantu daga 20 ga Maris 2020 har 1 ga Yuni, yaran ƙauyen da na sani ba abin da ya kai gare su, ko harafi guda, alhali kowane gida da rediyo, ga su Anfani ga su Garkuwa ga rediyoyin karkara ana saurarensu har gona. Da akwai darussa a ajiye da an ci moriyarsu.

Wanda ya maido ni kan tambayar yaron can, ita ba ta jin Hausa ne? Tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kai ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci na aiki ne. Madalla. Amma shiga waya ka nemi darasin CP, wato aji biyu, da Hausa mai bin tsarin karatunmu ka ga abin da za ka samu. Abin da ke akwai mafi yawa na Najeriya ne, muna amfana da shi kam, sai dai tsarin ajinsu daban kuɗinsu naira, yaron da ya saba da dala da jika sai ka sake yi masa fassarar Hausa zuwa Hausa. Ko rubutun ma, mu a hukumance ƴ muke sa wa su kuma 'y, ni kaina ka ga nasu nake bi a wagga wasiƙa don shi hannuna ya saba. Malamai da yawa ba su ma san in sun sa Hausa a Gboard, allon buga rubutu na waya, za su samu ɓ da ɗ da ƙ ba, minti 2 ne a nuna ma mutum amma ba wanda ya nuna. Akwai Wikipedia ta Hausa, akwai Kiwix da ke ba ka damar ɗauke ta a waya ka karanta ba rezo. Ga ɗaliban makarantar horon malamai, ga na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga tsoffin malamai irin mai raken nan zaune a gida da ilimi cike da ciki, in an ba su ɗan abin hasafi da na'urar ɗaukar murya mai kyau, cikin hutu guda za su cika memori da darussa da muryar da yaro zai ji kamar ta gidansu. Wanga aiki ba ya da kyan hoto kamar rabon kwali, ina jin shi ya sa ba a rububinsa.

Waya a hannun ɗalibi kuwa, nan ina da tsoro kuma ba zan ɓoye ba. Ɗana na cikina da ke kwaleji ya kawo mini aikin gida da Faransancin da ni ubansa ban iya ba, na ce masha Allah, zo gaya mini ma'anar wagga kalma. Ya tsaya yana susar ƙeya. Ashe manhajar nan mai amsa tambaya ce ta rubuta masa tas ya kwafe, ko karantawa bai yi ba. Na taɓa gadin jarrabawa na fiddo waya daga cikin safar wani, kuma dare in ka bi ta ƙofar gidaje za ka ga fuskoki na haske, TikTok ne ba bitar darasi ba. Faransa da muke koyi da ita ta hana waya a firamare da kwaleji tun 2018, UNESCO ma a rahotonta na 2023 ta ja kunne cewa hujjar amfanin na'urori a aji ba ta kai yadda masu sayar da su ke faɗi ba. Ni dai a firamare ban ga abin da yaro zai yi da wayar kansa ba, allo da alli da kaye sun ishe shi, a bar na'urar gun malami.

A lise kam magana ta canja, can dole yaro ya taɓa kwamfuta da hannunsa. Ɗan yayata ya ci bak ya ce Najeriya zai yi karatu, jarrabawar JAMB ta shiga jami'a can kuwa tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, yaron nan sai da munka biya masa kuɗin koyo a wani shago na sati 3 don bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, hannunsa har rawa yake. Irinsa nawa ke shiga jami'a a ce su buga rahoto su tsaya suna neman harafi? Nan ɗaki guda mai kyau ya isa makarantu biyu ko uku su yi karɓa-karɓa, da sola, da mutum guda wanda aikinsa ke nan ana biyansa, ba a ɗora ma malamin lissafi a matsayin taimako ba. Gyara kuma ba sai an jira wani daga Yamai ba, Maradi cike take da samari masu gyaran waya da kwamfuta waɗanda ke tada matacciyar waya da ɗan ƙarfen narka dalma da burushin haƙori, a yi yarjejeniya da su a rubuce. Yanzu da Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo tun Maris 2025 na ji wasu na cewa shi ke nan matsalar rezon ƙauye ta ƙare, to faifan kam za a iya kawo shi kyauta ranar biki, tambayata ita ce wa zai biya kuɗin wata na 13 bayan furoje ya naɗe tabarmarsa.

Don haka Malam Edita, in masu abin na karanta jaridarka, roƙona kaɗan ne. Duk mai son kawo na'ura lakwal ya fara zama da malaman wurin ya tambaye su, ya rubuta a takardar da darekta zai sa ma hannu cewa in ta fashe a hannun yaro ba shi zai biya ba kuma ga mai gyara ga kuɗinsa, ya ware kaso mai tsoka na darussa da harshen da yaran ke ji. Hukuma kuma ta zauna da su Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom a samo ma malamai forfe mai rahusa, ko da na WhatsApp ne kawai, konseye da insifekta su ma a ba su kiredin da za su riƙa kiran na daji duk sati. Kai kuma in da hali ka turo wakilinka ya zaga makarantun da anka yi bikin rabon kaya shekara 3 ko 4 da sunka wuce, kar ya sanar da zuwansa, ya ce a buɗe masa kabad. Na tsohuwar lakwal ɗina dai na tambayi wani da ke can watan jiya, ya ce kabad na nan inda na bar shi, sai dai makullin ya ɓace tun da anka canja darekta, batir ɗin solar ma ya mutu, yanzu da rana tsaka kawai ake samun caji.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
wani mushen CM1, Maradi